Ashe ba lalaci ba ne, duhu ne

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma nake rubuta wannan, kuma fitilun titi duk sun kama. Ba hadari ne ya haɗu ba fa, rana ce ta faɗi abinta, shikenan an sallame mu sai kuma gobe wajen tara saura in Allah ya kai mu, ita ma ɗin ba fitowar kirki za ta yi ba, ta ɗan leƙo ta can ƙasa-ƙasa ta bayan gine-gine kamar wadda ake bi bashi, kafin kace kwabo ta sulale. Wannan shi ne hunturuna na biyar a arewacin Turai, kuma sai a bana nake jin zan iya zama in ba da labarin abin ba tare da ƙirjina yayi nauyi ba.

Lokacin da zan taho kowa a kan sanyi yake ja min kunne. Ki sayi rigar sanyi mai kauri, ki nemi safar hannu, kar ki fita kanki a buɗe, kaza da kaza. Duk nayi. Amma ko mutum ɗaya bai ce min komai a kan duhu ba, alhali wallahi sanyi mai sauƙi ne, ka ƙara riga kan riga ka kunna hita an wuce wajen. Shi duhu baya sallama. A hankali yake shigowa, yau ya ɗebe minti uku gobe minti huɗu, sai a ƙarshen Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, ranar Lahadin ƙarshe ta watan ake yi a Turai, kawai ka tashi daga aiki ran Litinin ka tarar dare yayi kai kuma baka shirya masa ba.

Shekarar farko ban ma gane wani abu na faruwa ba. Barci ne ya fara yi min yawa. Ni da tun ina yarinya ba'a tashina, sai gashi ina kwanciya tara na dare, alam ya buga bakwai in kashe, ya sake bugawa in sake kashewa, in tashi bayan awa goma sha ɗaya jikina a mace kamar wadda ta kwana tana dakan sakwara da ƙafa. Hannuwa da ƙafafu nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu. Sai kwaɗayi, kullum bakina na neman kayan zaƙi da abinci mai nauyi, musamman in duhu ya fara, cikin wata uku kayana suka matse ni. Akwai wani kwandon wanki da na ajiye a bakin ƙofar ɗaki da niyyar gobe zan kai injin, kwana tara yayi a wajen, kullum sai in ratse shi in wuce kamar wani baƙon da nake jin nauyin yiwa magana. Injin wankin nan fa taku goma ne daga wajen. Ba wai bana so bane, ina kallon kwandon ina cewa tashi mana, jikin yaƙi.

Saƙon murya kuwa sai ya kwana huɗu ban buɗe ba. Na yayata ma. Ina ganin sunanta, ina sonta, amma tunanin sai na saurara sannan in nemo murya mai fara'a in mayar mata, shi kaɗai ya isa ya gajiyar dani. Ranar da abin ya bani tsoro ita ce ranar da na sauko daga bas na duba naga safar hannuna ɗaya ta faɗi a ciki, bas ɗin ya riga ya ja. Safa ɗaya fa. Na tsaya a gefen titi nayi ta kuka kamar an aiko min da rasuwa, mutane na wucewa suna satar kallona, ni kaina ina mamakin kaina amma hawayen sun ƙi tsayawa.

Abin da yafi ciwon kansa cin rai shi ne faɗan da nake yiwa kaina. Me kika rasa? Ga ɗaki, ga aiki, ga lafiya, mutane nawa ne ke neman rabin abin da Allah ya baki, wannan ai butulci ne. Da na daure na ɗan ɓantarowa yayata zancen, cikin raha tace ke dai dama can kin cika son jiki, tashi ki motsa. Ba da mugunta ta faɗa ba, ni ma abin da na yarda dashi kenan. Umma ce kawai ta tsaya a waya tace, muryarki bata yi min ba, me ke damunki? Nace babu komai Umma, gajiya ce. Tace to Allah ya sawwaƙe, ki dage da addu'a, amma ki je a duba ki. Rabin farko na maganarta na ɗauka, rabin na biyu na ajiye shi kusa da kwandon wanki.

Sai ga Maris. Ban sha komai ba, ban canja komai ba, kawai wata safiya na farka kafin alam, naga haske ta gefen labule, naji ina son in goge tagogi. Cikin sati biyu na dawo mutum. Nace oho, ashe baƙunta ce da kewar 'yan uwa, yanzu na saba. Na manta da zancen gaba ɗaya har bazara ta wuce, wadda a nan rana ke kaiwa kusan goma na dare bata faɗi ba. Oktoba na zagayowa, aka mayar da agogo, sati biyu tsakani na tsinci kaina ina kashe alam karo na uku. A nan ne jikina yayi sanyi, don baƙunta dai bata da kalanda.

Likitar da na gani bata yi mamaki ba ko kaɗan, har na ɗan ji haushi, ni da na taho da abin da nake ganin babban sirri ne. Tambayoyinta duk na lokaci ne. Yaushe ya fara, bara ma haka akayi, wane wata ya sake ki, barcin ƙaruwa yayi ko raguwa, abinci fa. Sannan ta tambaye ni kai tsaye ko ina tunanin cutar da kaina ko in ji gara ace bana raye, nace a'a, ta kalle ni ta sake tambaya a hankali. Ta tura ni gwajin jini don a cire sauran abubuwan da ke kawo irin wannan kasala, ƙarancin jini, matsalar tayirod, wato ƙullin nan na wuya, da ƙarancin bitamin D. Daga baya tace abin da nake fama dashi ciwon damuwa ne mai bin yanayin shekara, a taƙaice suna ce masa SAD. A littafin likitocin ƙwaƙwalwa ba wani ciwo ne daban ba, difireshan ne dai, sai dai yana zuwa a lokaci ɗaya yana tafiya a lokaci ɗaya, kuma kafin a tabbatar sai anga ya maimaita kansa shekara biyu a jere. Yafi kama mata, kuma yawanci a ƙuruciya yake farawa, tsakanin shekara goma sha takwas zuwa talatin.

Ni dama in abu ya same ni sai na tona shi har gindi, to na shiga karatu. Abin da ya fara sanyaya min rai shi ne wanda ya raɗa wa ciwon suna shi ma baƙo ne irina. Norman Rosenthal, likita ɗan Afirka ta Kudu, a Johannesburg ya tashi cikin rana, a 1976 ya koma New York, sai ya lura duk hunturu ƙarfinsa na tsiyayewa, in bazara tazo ya dawo. Daga baya ya koma cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, a 1984 shi da abokan aikinsa suka fitar da bayanin ciwon da kuma gwajin da sukayi na magance shi da haske. Kafin nan a 1980 abokin aikinsa Alfred Lewy ya nuna cewa haske mai ƙarfi yana dakatar da melatonin, sinadarin da ke sa barci, a jikin ɗan adam, wanda a da ake zaton mu hasken bai dame mu ba kamar dabbobi. Da na karanta nace kaji fa, babban likita guda, shi ma da yana da yaya da tace masa son jiki ne.

Yadda na fahimci abin a saukake kenan. Duniya a karkace take, wajen digiri 23 da rabi, shi yasa duk yadda ka nisanta daga tsakiyarta bambancin dare da rana ke ƙaruwa. Wanda ke kusa da tsakiya kusan awa goma sha biyu-biyu yake samu duk shekara, da ɗan ƙari ko ragi. A Landan ranar 21 ga Disamba hasken bai cika awa takwas ba, a Stockholm wajen awa shida, a Reykjavik ta Ayislan awa huɗu da 'yan mintoci. A Tromso ta Norwe rana bata ma fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, a Utqiagvik can ƙuryar Alaska ta kan faɗi a tsakiyar Nuwamba sai bayan sama da wata biyu a sake ganinta. To a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke aikin agogo, kuma agogon nan baya cika awa 24 cif, kullum sai an saita shi, abin da ke saita shin kuwa shi ne hasken safe da ke shiga ta ido. Akwai ma ƙwayoyi na musamman a bayan ido waɗanda ba gani ne aikinsu ba, auna haske kawai suke su kai rahoto. In duhu yayi jiki ya saki melatonin yace dare ne a kwanta, in haske ya shigo ya tsayar. Yanzu kai ka tashi bakwai cikin duhu, ka tafi aiki cikin duhu, ka wuni ƙarƙashin fitilar ofis, ka dawo cikin duhu. Agogon bango yace gari ya waye, na jiki yace ƙarya ne. Ana kuma ganin serotonin, wanda ke da hannu a walwala da sha'awar abinci, shi ma hunturu na taɓa shi.

Kuma nisan da gaske yana da tasiri. Wani bincike da aka fitar a 1990 a Amurka ya samu kashi 1.4 cikin ɗari a Florida mai rana, amma a New Hampshire da ke arewa kashi 9.7. Sai dai ba lissafin doka bane, don a Ayislan an samu ciwon bai kai yawan da ake zato ba duk da duhunsu. A kudancin duniya kuma abin juyawa yake, su Yuni da Yuli ne watanninsu na wahala, akwai ma 'yan tsiraru da bazara ce ke kwantar dasu ba hunturu ba.

Abin da ya buɗe min ido sosai wata 'yar manhaja ce ta auna haske da na saukar a waya. Da luks ake auna shi. Na tsaya a tsakiyar falona duk fitilu a kunne, inda nake ganin ai ga haske tar, ta nuna min ɗari da wani abu. Na matsa jikin taga, ya haura ɗari biyar. Na sa takalmi na fita waje, ranar fa gari a lumshe yake ruf, irin ranar da zaka rantse babu rana a sama, lambar ta tsallake dubu biyu. Na koma ciki na sake fitowa don ban yarda ba. Ido mayaudari ne, yana sabawa da duk abin da ya samu ya ce maka ya isa, amma agogon nan na ciki ba'a yi masa wayo. Rana tsaka a bazara tana iya kaiwa luks 100,000. Ni kuma watanni nayi ina rayuwa a kan ɗari da hamsin ina zagin kaina wai bani da zuciya.

Sai fitilar da ake maganin ciwon da haskenta. Wani faifai ne fari kamar girman littafi babba, yana ba da luks 10,000 in ka zauna a tazarar da aka rubuta a jikinsa, kuma an tace masa hasken nan mai ƙona fata. Ƙa'idar ita ce minti 20 zuwa 30 da safe, cikin awar farko bayan ka tashi, ka ajiye shi a gefe ɗan sama da ido, idonka a buɗe amma ba ƙura masa ido zakayi ba, ka yi karin kumallonka ko karatunka. Ni da gaggawa ta ranar da ya iso da yamma na kunna shi wajen tara na dare nace bari in rama bashin da ake bina, ranar har uku na dare idona biyu ina ƙirga fanka, wadda babu ma a ɗakin. Da safe ake yi jama'a. Ranar farko da ta biyu ya ɗan sa min ciwon kai, na matsar dashi baya, ya daina. Wajen kwana biyar naji bambanci, ba wai farin ciki ya sauko min ba, a'a, kawai dai na tashi na ɗauki kofin da ke kan tebur na kai kicin ba tare da nayi shawara da kaina ba. Wanda bai taɓa shiga ba bazai gane girman wannan ba.

Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya ruga ya saya kai tsaye. Mai ciwon baifola, wato wanda yanayinsa ke hawa sama sosai ya kuma faɗo, hasken na iya tunzura masa hawan. Mai matsalar ido, ko mai ciwon suga da ya taɓa ido, ko mai shan maganin da ke sa jiki baya jure haske, duk sai sun tambayi likita. Kuma kasuwa cike take da fitilu masu kyan gani da basa kai ƙarfin da suka rubuta, ko suna kaiwa sai in ka manna hancinka a jiki.

Bitamin D kuma nawa a ƙasa yake sosai, ba abin mamaki ba. A irin waɗannan ƙasashe daga Oktoba zuwa Maris rana bata da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, mu masu duhun fata kuma ko da bazara mun fi buƙatar daɗewa a rana kafin mu samu, in kana rufe jiki in zaka fita ƙari kan ƙari. A Birtaniya shawarar hukumar lafiya ita ce maikirogiram 10 a kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma su duba sha duk shekara. Ina sha, ciwon ƙashi da na ƙafa da nake ji ya ragu. Amma gaskiya bincike bai tabbatar da cewa shi kaɗai yana warkar da wannan damuwar ba, sakamakon a gauraye yake, saboda haka masu tallarsa a intanet kamar shi ne maganin komai ina jinsu ne kawai.

Hunturu na uku ne ya koya min darasin da yasa nake wannan rubutun. Ina da fitila, na san duk bayanin nan da na zayyana muku, zan iya yin lacca a kai, amma na faɗi warwas, har yafi na farko. Dalili kuwa na jira ne sai naji alamar ciwon sannan in fara. To ashe abu na farko da ciwon nan ke sacewa shi ne niyya. Fitilar na cikin kwali a saman wardirop, saukowa da ita kawai sai da ya ɗauke ni sati uku, labarin kwandon wanki ya dawo sabo. Duk shawarar da ake ba mai damuwa, fita ki sha iska, kira ƙawa, motsa jiki, gaskiya ce, amma kowacce sai da ƙarfin da ciwon ya riga ya kwashe. Kamar ka ce da wanda ya faɗa rijiya ya je gida ya ɗauko igiya.

A shekarar ne na sha magani, kuma bana jin kunyar faɗa. Likita ta ɗora ni a kan ɗaya daga cikin magungunan damuwa da aka saba, ta gaya min sai ya ɗauki makonni kafin inji aikinsa kuma kar in yanke shi da kaina rana ɗaya. Akwai ma wani, bupropion, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince dashi a 2006 musamman don rigakafin wannan, ana fara shi tun kaka kafin alamu su bayyana. Da na gaya wa Umma, shiru ta ɗan yi, sannan tace ai wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ki sha ki kuma ci gaba da addu'arki. Ban san na riƙe numfashi ba sai da ta faɗa. Kuma in abin ya kai mutum ya fara jin rayuwar ta ishe shi, ko yana saƙa yadda zai cutar da kansa, wannan ba maganar fitila bace ba kuma ta jiran bazara ba, a ranar ake neman likita ko layin agajin gaggawa, a ranar ake gaya wa wani na kusa.

Daga nan na canja tsari, don ba'a fafe gora ranar tafiya. Yanzu a Satumba nake komai, lokacin da nake da hankalina da ƙarfina, ina yiwa wata baiwar Allah tanadi, wato ni ta watan Janairu, wadda na san ba za ta iya yanke shawarar ko wace safa za ta sa ba. Tun tsakiyar Satumba fitila ke sauka ta zauna a kan tebur, a jone, maɓalli kawai za'a danna. Na sayi agogon nan mai kwaikwayon alfijir, yana fara haske kaɗan-kaɗan rabin awa kafin alam, don tashi cikin baƙin duhu shi ne yaƙin farko na kowace rana. Na ja teburin aikina zuwa jikin taga. Lokacin tashi ɗaya ne har Asabar da Lahadi, wannan shi yafi min wuya kuma shi yafi amfani, in na yi barcin rama gajiya ran Asabar har sha ɗaya to Litinin da Talata sun lalace. Ina kama layin ganin likita na Nuwamba tun ina lafiya lau.

Sai fita. Da na barwa kaina zaɓi bazan taɓa fita ba, shi yasa na ɗaure kaina da mutum. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, ta haura saba'in, duk rana sha biyu da rabi take zagaya filin da ke bayan gidajenmu, ruwa ko ƙanƙara. Wata rana a Satumbar bara na roƙe ta in zata fita ta dinga ƙwanƙwasa min, ko nace bana zuwa kar ta saurare ni. Ta ɗauki abin da gaske fiye da yadda na so. Akwai ranar da na buɗe ƙofa da bargo a kaina nace yau kam ki yi haƙuri, ta dube ni sama da ƙasa tace bargon ma zai iya zuwa, ina takalminki. Minti ashirin da biyar muke yi, wani lokaci ko magana bama yi, sai ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin takalmi da hucin bakinmu. Ban taɓa fita da son raina ba, kuma ban taɓa dawowa ina da-na-sani ba.

Wannan dabarar ta yi kafin kaji sha'awa, ashe tana cikin abin da masana ke koyarwa. Kelly Rohan ta jami'ar Vermont ta tsara wani salon zaman tattaunawa na CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a, musamman don wannan ciwo, zama goma sha biyu cikin sati shida, ana koya wa mutum ya tsara abubuwan da zai yi a hunturu ya kuma kama tunanin da ke ja masa baya. Ta kwatanta shi da fitila a kan mutum 177, a hunturun farko sakamakon kusan ɗaya, amma bayan hunturu biyu ciwon ya dawo wa kusan kashi 46 cikin ɗari na 'yan fitila, 'yan tattaunawa kuma kashi 27. Ni banga abin mamaki ba, fitila sai ka kunna take aiki, mutane kuma suna gajiya su daina, abin da ka koya kuwa yana nan a kanka. Ni nawa tunanin da na kama shi ne wanda ke zuwa tun a Agusta, da naga ganye ɗaya ya canja kala sai gabana ya faɗi ince shikenan ta ƙare min. Wata biyu kenan na baƙin ciki kyauta kafin duhun ma ya iso.

Akwai masu kawo misalin mutanen Tromso, wata mai bincike Kari Leibowitz ta zauna can ta tarar da yawansu ɗokin hunturu suke, kuma masu kallonsa da kyakkyawar fuska sun fi walwala. Na yarda akwai gaskiya a ciki, ni ma yanzu ina da abubuwan da na keɓe wa hunturu kaɗai, saƙa da wasu dogayen littattafai da bana taɓawa da bazara don in samu abin jira. Amma in faɗa muku gaskiya, ranar da nake can ƙasan rijiya wani ya turo min zancen wai in canja tunani in so hunturu, saura kaɗan in jefar da wayar. Maganar tana da amfani a Satumba, a Janairu zagi ce. Kuma su kansu mutanen arewan ba wai sun fi ƙarfin rana bane. A Rjukan, wani gari a cikin kwari a Norwe da duwatsu ke tare masa rana kusan rabin shekara, a 2013 sai da suka kafa manyan madubai a kan dutse suna bin rana suna harbo haskenta tsakiyar gari, mutane su fito su zauna a benci su ɗaga fuska. Wani ƙauye a Italiya, Viganella, ya riga su yi tun 2006. Gari guda ya kai madubi kan dutse, ni kuma ina jin kunyar fitila a kan tebur.

Yayata yanzu ta gane. Tun Satumba nake gaya mata, Yaya lokacin ya kusa, in kin ji ni shiru ba fushi bane, ki kira kawai kar ki turo saƙon murya, in ban ɗauka ba ki sake kira. Haka take yi, wani lokacin ta ajiye wayar a gefe tana aikinta ina jin motsinta, ba sai nace komai ba.

Bana ba zance lafiya lau nake ba. Makon jiya sau biyu na kashe alam, akwai kuma wasiƙu uku a kan firij da ban buɗe ba, kuma na san Janairu da Fabrairu su suka fi nauyi ba Disamba ba, duk da rana ta fara ƙaruwa a lokacin, kamar jiki sai a sannan bashin ke taruwar masa. Amma wanki na cikin inji yanzu haka ina jin juyinsa. Wani abu da na gano da nake bin jadawalin fitowar rana da faɗuwarta kamar mai bin sakamakon ƙwallo, faɗuwar rana mafi wuri ba ranar 21 ga Disamba take ba, tana riga ta da kamar mako guda, ita kuma fitowar safe sai ta ci gaba da makara har ƙarshen wata. Wato yamma ta riga ta juyo tun makon jiya ba wanda ya lura. Na duba ɗazu, yau an ƙara mana minti ɗaya. Gobe sha biyu da rabi dattijuwa za ta ƙwanƙwasa, bari in je in sa takalmina kusa da hita su bushe.